Tarihin 'Yan Tsokanar Intanet: Kowace Ƙasa da Irin Nata



Tsokana ba baƙuwar Bahaushe ba ce, domin tun kaka da kakanni akwai wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. Amma shi wannan wasa ido na ganin ido ake yinsa, kowa ya san iyakarsa. Na intanet kuwa fuskarsa a rufe take.

Abin ya samo asali ne wajen 1992 a zaurukan Usenet, inda tsofaffin hannu kan jefa tambayar rainin hankali don su kama sabon shiga. Turawa suka kira shi "trolling", wato jan ƙugiya mai ƙoto a bayan jirgin masunta. Da aka buɗe 4chan a Amurka a 2003, inda ake rubutu ba suna, sai wasa ya zama cin mutunci.

Daga nan kowace ƙasa ta ɗauki nata salon. A Ingila, a 2011, kotu ta ɗaure wani mutum mako 18 saboda izgili ga matasan da suka mutu, a shafukan ta'aziyyarsu. A Japan taron dangi ake yi wa mutum guda: 'yar kokawa Hana Kimura ta kashe kanta a 2020 tana da shekara 22, sai a 2022 aka tsananta doka, zagi ya kai ga ɗaurin shekara guda. A Rasha kuwa sana'a aka mai da shi, inda wani kamfani a Santa Fitasbag ya ɗauki sojojin baka yana biyansu albashi, har Amurka ta tuhumi Rashawa 13 a 2018 da katsalandan a zaɓenta na 2016.

Mu a Nijeriya namu ya fi kama da tunzura jama'a da ƙabila da addini. A 2018 BBC ta bankaɗo yadda hotunan ƙarya a Facebook suka rura wutar rikicin Filato na watan Yuni, aka rasa rayuka.

To 'yan uwa, wanda ya zagi wata ƙabila daga ɗakinsa zai kashe wayarsa ya kwanta, amma mai rumfar tumatir a Ibadan da mai shayi a Onica su ne za su wayi gari cikin waɗanda aka zaga. Mai tsokana martani yake nema, kamar yadda masunci ke jiran kifi ya haɗiyi ƙoto. Kada mu tanka masa, kada kuma mu tura abin da ba mu tantance ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.