Asalin Taron Ikkilisiya a Wurin Baftis

A wannan biki na cika shekara 50, ya kamata mu tuna inda taron ikkilisiya ya samo asali.

A 1609 ne John Smyth da Thomas Helwys, mutanen Ingila da tsanani ya kora zuwa Amsterdam, suka kafa ikkilisiyar Baftis ta fari. Sun tsaya a kan cewa Littafi Mai Tsarki shi ne ma'auni, kuma sai wanda ya ba da gaskiya, ya shaida da bakinsa, za a yi wa baftisma. Helwys ya rubuta wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko bisa rayukan talakawansa. A kurkuku ya mutu.

Thomas Bowen ya iso ƙasar Yarbawa a 1850. A 1888 aka gwada koyarwar a Legas, sa'ad da ɗan mishan W. J. David ya sallami Moses Ladejo Stone daga aikin wa'azi ba tare da shawarar jama'a ba. Membobi da yawa suka fita, suka kafa tasu ikkilisiya. Daga baya Yarbawa 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kawo wannan hali Arewa.

Babban Taronmu, wanda aka kafa a 1914, na haɗin kai ne. Kiran fasto, zaɓen dikinoni da kashe kuɗin baiko, duk a taron ikkilisiya ake yanke su. Taron yakan yi tsawo, gaskiya ne, har yara su fara kukan yunwa. Amma in an zo ɗaga hannu, hannun tsohuwa mai tuyar ƙosai ɗaya ake ƙirga shi, na ma'aji ma ɗaya.