Gandu da Ɗorawa a Ƙasar Birnin Gwari

A yankin Shamfen na Faransa akwai gidajen da suka gaji gonakin inabi kaka da kakanni, ana yin giyar nan mai kumfa da shi, har wasu na taƙamar ba sa yi wa gonarsu feshi. Mu ba ruwanmu da giya, amma a ganina muna da irin wannan gado, watau gandu da itatuwansa.

A Tsohon Birnin Gwari ba a saba dasa ɗorawa ko kaɗanya ba. In manomi na sassabe ya tarar da ita, sai ya kewaye ta. Ba taki, ba ban-ruwa, amma jika ya ci abin da kaka ya bari. Mata su dafa kalwa, su rufe ta kwana biyu ko uku, ta zama daddawa. Ko ɓawon ba a yar da shi, da shi ake makubar daɓe.

A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ƙarƙashin En'e, a 1999 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. Abin mamaki, hukuma ma kalmar manoma ta ara, ta ce "gandun daji". Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dajin, suka raba mutane da gonakinsu shekara da shekaru, har aka yi sulhu a 1924 da ɗari, watau 2024.

Ni masu gawayi sun fi ba ni tsoro. Gonar da aka gudu aka bari, a damina ɗaya sai a farfaɗo da ita. Kaɗanya kuwa takan shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya.