Talla ba takarda: magani da abincin gida a ƙasar Magarya da Dungas lokacin yaƙin 1939-1945

Wanda ya buɗe jaridun Ikko na zamanin yaƙin Hitila, kamar West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, zai ga tallar Ovaltine da man shafawa da ƙwayoyin ciwon kai suna zaune kusa da labarin fagen daga. A Ingila ma, inda aka soma raba sukari da man shanu da kati a watan Janairu na 1940, kamfanoni ba su daina talla ba, don kada a manta da sunansu kafin kaya su dawo. Abin da muke so mu duba a nan shi ne yadda wannan al'amari ya kasance a ƙasar Magarya, wadda a lokacin ta haɗa da Dungas (sai a 2011 Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta).

Da farko dai, babu jaridar Hausa a Nijar a waɗannan shekaru. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta ƙasar Ingilishi ce, kuma da boko ake rubuta ta, alhali masu karatu a Magarya yawancinsu almajirai ne na allo da ajami. Bayan haka sai ga siyasa. Da Faransa ta faɗi a watan Yuni na 1940, Cadi ta bi Dagol a watan Agusta, amma gwamna Boisson na Dakar ya riƙe Afirka ta Yamma, har da Nijar, a hannun gwamnatin Vichy. Sai a watan Nuwamba na 1942 ya juya. Tsakanin nan an rufe iyaka a hukumance, Daura da Kano suka zama ƙasar abokan gaba.

Wannan rufewa ta fi yi wa Magarya ciwo fiye da sauran wurare, saboda gyaɗarta ta hanyar Kano take fita, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911. Ta wannan hanya kuma yadi da sukari da kananzir da sabulu suke shigowa kantunan Nasara. Kantin da ba kaya, me zai yi talla? Binciken John Collins a kan cinikin gyaɗa a Magarya ya nuna yadda manoma suka saba ƙetare iyaka da amfaninsu a ɓoye duk lokacin da farashi ya fi kyau a can, kuma William Miles, da ya zauna a Yekuwa da Yardaji, ya nuna cewa garuruwan biyu dangi ne da layin Nasara ya raba. Saboda haka kaya ba su daina tafiya ba, sai dai sun koma tafiyar dare a bayan jaki, ana kauce wa duwan da gardi. Kayan fasa-ƙwauri kuwa ba a yi musu shela. A kunne ake tallarsu.

A nan ne, a ganinmu, mai bincike yakan yi kuskure. Idan ya ɗauka talla ita ce abin da aka buga a takarda, sai ya ce ba a yi ta ba a Magarya. Amma kalmar kanta ta riga jarida daɗewa a bakin Bahaushe. Yarinya mai ɗauke da ƙwaryar fura ko farantin ƙuli-ƙuli tana kira gida-gida, talla take yi, kuma da ita matan kulle suke kai sana'arsu kasuwa. Haka ɗan koli, haka mai magani da ke shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe ranar kasuwa yana lissafa shawara da basir da ciwon ciki. Yaƙi bai kashe wannan talla ba. Faɗaɗa mata fili ya yi, tunda abin da ya ɓace daga kanti dole a nemi madadinsa a gida: zuma da mazarƙwaila a maimakon sukari, man gyaɗa a fitila, sabulun salo, saƙi na masaƙan gari a maimakon yadin Turai, sai kanwa da gishirin Manga waɗanda dama ba su taɓa bi ta kanti ba.

Maganin zazzaɓi ya isa misali. Da Japan ta kama tsibirin Java a 1942, inda kusan duk kinin na duniya yake fitowa, sai ya yi wuya har ga sojojin ƙawance, suka koma ga mefakirin. Talakan Dungas wanda tun farko kinin bai cika zuwa hannunsa ba, ya ci gaba da jiƙonsa da turarensa.

Duk da haka sunayen kamfani sun sami hanyar shiga harshe. Mentholatum ya zama mantaleta, kuma wanda bai taɓa ganin jarida ba ya san shi, domin ɗan kolin da ya sayo gwangwanin a Kano shi ne ya buɗe murfin ya ba mutane suka shaƙa. Tallar da aka tsara a Turai ta iso kasuwar Magarya ne ta bakin wannan mutum, da irin kalmomin da mai saiwoyi na kusa da shi yake yin tasa.