Wane Launi Ne Jirgin? Tarihin Fentin Ƙananan Jiragen Sama

A farkon shekarar 1942, makonni kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi taimakon 'yan makaranta. Ta buƙaci su sassaƙa mata ƙananan jiragen sama na katako guda 500,000, na ƙawaye da na abokan gaba, domin koya wa matuƙa da maharba bambance jirgin gida da na maƙiyi kafin su buɗe wuta. An tsayar da ma'auni ɗaya, wato kashi 1 cikin 72 na girman jirgin ainihi, ta yadda samfurin da aka rataye nesa da mita 10 zai yi daidai da jirgin da ke nesa da mita 720. An kuma tsayar da launi ɗaya, baƙi wuluk, domin maharbin da ke duban sararin sama siffar jirgi yake hangowa tun kafin ya iya ganin fentinsa.

Jikokin waɗancan yara kuwa sukan shafe makonni suna muhawara a kan irin koren da ya dace da fiffiken jirgi guda. Yadda aka taso daga baƙin fenti zuwa wannan gardama labari ne na ciniki da fasaha, da kuma wahalar tabbatar da abin da ya wuce.

Jirgi a kan sule biyu

Ma'aunin 1 cikin 72 ya girmi yaƙin. A Ingila aka yaɗa shi a 1932 da jiragen katako na Skybirds, sannan a 1936 kamfanin FROG ya fito da jerin Penguin, waɗanda ake lissafawa a matsayin jiragen roba na farko da mai saye ke harhaɗawa da hannunsa. Sauƙin lissafi ne ya sa ma'aunin ya karɓu, domin inci ɗaya na samfuri yana wakiltar ƙafa shida. Jirgin Spitfire mai faɗin fukafukai sama da mita 11 yakan dawo kusan santimita 15 da rabi.

Wanda ya kai abin gidajen talakawa shi ne kamfanin Airfix, wanda wani ɗan Hungari mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939. A shekarun 1950 kamfanin ya riƙa zuba gutsattsarin jirgi cikin leda, ana sayarwa a kantunan Woolworths kan sule biyu. A garin Hull kuma kamfanin Humbrol, wanda da man keke ya fara, ya shiga ɗura fenti a 'yan mitsi-mitsin gwangwanaye, kowane launi da lambarsa. Daga nan yaro ya sami jirgi da burushi da fenti a kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. A 1963 manyan da suka ƙi rabuwa da wannan sha'awa suka kafa ƙungiyar IPMS a Birtaniya, aka soma gasa, alƙalai suka soma tambayar ko launin da aka shafa shi ne na gaskiya.

Tambarin da ake jiƙawa

Tutar ƙasa da lambobin jirgi sun yi ƙanƙanta ga burushi, don haka ake buga su a kan wata siririyar fata mai gam, a manne da takarda. Dabarar ta samo asali ne daga masu ƙawata tangaran a Ingila a ƙarni na 18, kuma ana jingina ta ga wani Bafaranshe mai zane, Simon François Ravenet. Mai aikin yakan tsoma takardar a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, gam ɗin ya saki, ya zame tambarin zuwa mazauninsa. Idan fentin da ke ƙasa mai kaushi ne, iska kan maƙale a ƙarƙashin fatar, gefen tambarin ya riƙa ƙyalli kamar azurfa, aikin ya ɓaci. Shi ya sa gwanaye kan fara fesa wani ruwa mai sheƙi, su ɗora tambari, su ɗiga masa maganin da ke tausasa shi har ya kwanta cikin kowane layi, sannan su rufe duka da shafin da ke kashe sheƙin.

Wannan 'yar takarda ma ba ta tsira daga siyasa ba. Jiragen Jamus na zamanin Hitler suna ɗauke da alamar 'yan Nazi a wutsiya, amma sashe na 86a na dokar laifuffukan Jamus ya hana yaɗa alamar. Kamfanoni da yawa sukan cire ta gaba ɗaya, wasu su raba ta biyu, su bar wa mai saye ya haɗa in ya ga dama. Matsalar ta shafi har jiragen Finland, waɗanda suka ɗauki irin alamar cikin shuɗi tun 1918, kafin a san jam'iyyar Nazi. Masu son cikar tarihi suna ganin an tauye shaida, masu goyon bayan dokar kuma suna ganin kayan wasan yara ba wurin wannan alama ba ne.

Inda gani bai kori ji ba

Babbar wahalar ita ce yawancin hotunan yaƙin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin ma yana yaudara. Wani nau'insa da aka yi amfani da shi sosai a lokacin yakan mai da rawaya da ja su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske. Zoben rawaya da ke kewaye da tambarin jiragen Birtaniya sai ya fito kamar baƙi. Ragowar jiragen da aka tsinto daga daji ko teku kuwa rana da ruwa sun canja musu kama.

Haka aka yi shekaru ana zana wani jirgin Japan mai sauka a ruwa, wanda Amurkawa suka laƙaba wa Rufe, da launin shunayya. Masu bincike na baya sun fi karkata ga cewa fenti ruwan toka ne ya koɗe, jan shafin farko da ke ƙasa ya leƙo. Jirgin Zero ma an daɗe ana yi masa fenti kusan fari, sai gutsattsarin waɗanda aka harbo a Pearl Harbor suka nuna ruwan toka mai sirkin kore, har yau kuma ana jayayya ko tsufa ne ya rina su. Kuskuren yakan yaɗu ne ta hanya ɗaya: mai zane ya yi hasashe, kamfani ya buga a kwali, mai littafi ya kwafa daga kwalin, bayan shekara ashirin hasashe ya zama sananne.

Ko an sami launin ainihi, da sauran aiki. Launin da ya zauna daram a jirgi mai mita 11 yakan yi duhu da yawa a ƙaramin samfuri, don haka wasu kan sirka shi da ɗan fari. A shekarun 1970 kuma Shepard Paine na Amurka da François Verlinden na Beljiyam suka yaɗa dabarun tsufar da samfuri: a tsinka fenti mai duhu ya kwarara cikin layuka, a goga busasshen burushi a gefuna, a zana hayaƙin salansa da ƙurjewar takalman makanikai. Masu suka na cewa an wuce gona da iri, ana fito da jiragen da suka fi na fagen daga dauɗa.

Farin da ya ratsa ta Kano

Daga 1940 zuwa 1943 Birtaniya ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya. Wasu daga cikin jiragen Hurricane an shafa musu farin fenti a gadon baya da wutsiya, akasin dukkan hikimar sajewa da ƙasa, domin in jirgi ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama.

Wanda duk ya zauna yi wa irin wannan jirgi fenti dole ya tambayi inda farin ya fara da inda ya tsaya, da dalilin shafa shi. Amsar tana cikin 'yan tsofaffin hotuna da rahotannin matuƙa. Yawancin jiragen an narkar da su tuntuni, waɗanda suka gan su a filin jirgin Kano kuma saura ƙalilan. Abin da mai samfuri ya shafa a yau, daidai ko kuskure, shi yara za su gani cikin gilashin gidan tarihi su ɗauka haka jirgin yake.