Aleister Crowley: Ɗan Mai Wa'azi da Ya Kira Kansa Dabba

An haifi Aleister Crowley ran 12 ga Oktoba 1875 a garin Leamington cikin ƙasar Ingila. Iyayensa mawadata ne, kuma 'yan wata ɗariƙar Kirista ce mai tsanani da ake kira Plymouth Brethren. Ubansa mai wa'azi ne, yana yawo gari gari, kowace safiya kuwa yakan karanta wa iyalinsa sura guda daga Littafi Mai Tsarki. Yaron ya tashi da Maganar Allah a kunnensa, yana girmama ubansa ƙwarai.

A 1887 uban ya rasu, yaron yana da shekara 11. Daga nan al'amari ya juya. Shi da kansa ya ba da labari cewa ya sha horo na rashin tausayi a makarantar kwana ta addini inda aka sa shi. Da uwarsa ma ba su jitu ba. Ita ce ta fara ce masa Dabba, wato dabbar nan mai lamba 666 da ke cikin Wahayin Yahaya. Maimakon ya ji tsoro, sai ya karɓi sunan, ya yi ta fahariya da shi har ƙarshen ransa.

Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1895, ya fita a 1898 ba tare da digiri ba. A shekarar nan ya shiga wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, inda ake koyon sihiri irin na littattafai, da riguna na musamman, da alamu, da kiran ruhohi. Gādon ubansa ya ishe shi yawon duniya. A watan Afrilu 1904, yana Alkahira ta Masar tare da matarsa Rose, ya ce wani ruhu mai suna Aiwass ya yi masa shifta kwana uku. Abin da ya rubuta shi ne tushen addinin da ya kafa, Thelema.

Thelema kalmar Helenanci ce, ma'anarta nufi. Ita ce kalmar da ke cikin Addu'ar Ubangiji, inda ake roƙo a yi nufin Uba. Crowley ya san wannan addu'a tun yana ƙarami. Amma ya koyar cewa zamanin Almasihu ya wuce, sabon zamani ya zo, doka ɗaya ta rage: kowa ya gane ainihin nufin kansa, ya bi shi. Ya ce ba bin son zuciya yake nufi ba, bai kuma ɗauki kansa mai bautar Shaiɗan ba. Duk da haka ya sa ƙwaya da zina cikin hidimomin sihirinsa.

A 1920 ya buɗe gidan almajiransa a Cefalù cikin tsibirin Sisili na Italiya. Gidan ba tsabta, ba tsari. A 1923 wani saurayi cikin mabiyansa, Raoul Loveday, ya mutu a can bayan ya sha gurɓataccen ruwa. Jaridun Ingila suka yi masa laƙabi da mafi mugunta a duniya, gwamnatin Mussolini kuwa ta kore shi. Tun kafin wannan aurensa da Rose ya mutu a 1909, shan giya kuma ya lalata ta.

Dukiyar ta ƙare. A 1935 kotu ta tabbatar ya kasa biyan basussukansa. Mutumin da ya yi wa'azin mulkin nufin kai ya kasa rabuwa da ƙwayar hirowin, wadda likita ya fara ba shi saboda ciwon fuka. Ya mutu ran 1 ga Disamba 1947 a wani gidan haya a Hastings, yana da shekara 72.

Crowley bai fito daga gidan matsafa ba. Daga gidan da ake karatun Littafi kullum ya fito. Ya haddace kalmomin, amma bayan rasuwar ubansa abin da ya tuna daga hannun masu bi shi ne bulala da baƙar magana. Wannan bai wanke shi daga hanyar da ya zaɓa da girmansa ba. Sai dai iyaye da malaman ikilisiya su lura: sunan da aka kira yaro da shi cikin fushi, yana iya ɗaukarsa ya tafi da shi har kabari.