Tsando, Talibamban da Yaran Mando

Tun kafin a fara zana ƙwai da tsutsa a allon makaranta, a tsakar gida yaron unguwar Mando ta Kaduna yake ɗaukar darasin matakan rayuwar halittu. Kaza ta hau kwanci a akurki, uwa ta ce kada wanda ya taɓa, yara su yi ta ƙirga har kwana 21, sai ga 'yan tsaki. Da damina kuwa kududdufi ne ajin. Talibamban ya fid da ƙafafu, wutsiya ta shanye, ya zama kwaɗo a kan idon masu kallo.

A Kaduna wannan ilimi ya wuce wasan yara, har ya ceci garke. A 1947 Turawan mulki suka kafa cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta Afirka ta Yamma a garin, domin ƙudan tsando mai yaɗa su ya addabi mutane da shanu. Rayuwar ƙudan nan abin mamaki ce. Macen ba ta zuba ƙwai kamar sauro. Tsutsa ɗaya tak take raino a cikinta, tana ciyar da ita da wani ruwa mai kama da nono, ta haife ta kusan duk kwana 10. Tsutsar ta nutse cikin ƙasa mai inuwa, ta yi wajen wata guda kafin ta fito da fukafukai. Wanda ya san haka ya san lagonsa: a sare duhuwar bakin rafi, rana ta shiga. Haka aka yi a ƙasar Anchau, inda aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya.

Mando ma tana da nata kason. A nan Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi take, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana yaye malaman dabbobi masu shiga rugage.

Abin takaici, yaro na iya wucewa ta ƙofar kwalejin kullum, amma a aji haddace zanen littafi kawai yake yi. Malaman firamare na Mando, damina mai zuwa ku ɗebo talibamban a kwalba ku ajiye gefen taga, ku bar yara su duba shi kowace safiya.