Guzurin zuwa ƙasar ƙanƙara: yadda tarihi ya rubuta jerin kayan matafiyan yau

Duk wanda ya biya kuɗin jirgin ruwan yawon buɗe ido zuwa Antaktika, kafin ranar tashi kamfanin zai turo masa jerin kayan da zai haɗa. Za a ce ya zo da tufafi hawa uku, kada ya sa auduga a jikin fata, ya riƙe tabarau mai tare hasken rana, safar hannu fiye da ɗaya, maganin amai, da inshorar da za ta biya kuɗin kwaso shi idan ya kwanta ciwo. Kai ka ce jerin cefane ne. Amma kusan kowane layi a cikinsa, sai da wasu suka rasa yatsu ko rayukansu kafin a san a rubuta shi. Bari mu bi tarihin mu ga inda kowanne ya samo asali.

Kaya jingim, amma ba na wurin ba

A watan Mayun 1845, Sir John Franklin ya bar Ingila da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, yana neman hanyar ruwa da za ta ratsa ta arewacin Kanada. Mutum 129 ne suka shiga yankin ƙanƙarar, ɗauke da abincin shekara uku, ciki har da gwangwani wajen 8,000, da littattafai sama da 1,000. Ƙanƙara ta datse jiragen, a watan Afrilun 1848 waɗanda suka rage suka bar su suka kama tafiyar ƙasa. Ko mutum ɗaya bai koma gida ba.

A 1859 masu nemansu suka tarar da wani kwalekwale a tsibirin King William, wanda mutanen suka riƙa ja a kan ƙanƙara. A cikinsa akwai ƙasusuwan mutum biyu, da cokulan azurfa, da sabulun ƙamshi, da hankici na siliki, da littattafai. Wato mutanen da yunwa ta ci ƙarfinsu suna jan nauyin da ba zai ciyar da su ba, ba kuma zai ɗumama su ba. Alhali a wannan yankin 'yan ƙabilar Inuit suna zaune da iyalansu tun ƙarnoni. Labaran da Inuit ɗin suka gada daga kakanni ne ma suka taimaka aka gano jiragen a ƙarƙashin ruwa, Erebus a 2014, Terror a 2016.

Ciwon da ke cikin kwanon abinci

Babban abokin gaban matafiyan wancan zamani shi ne ciwon sikabi, wanda rashin bitamin C ke kawowa. Jiki na buƙatar wannan bitamin wajen haɗa sinadarin kolajin, wanda ke riƙe fata da jijiyoyin jini. In ya ƙare, dasashi ya kumbura ya yi ta jini, haƙora su yi girgiɗi, tsofaffin raunuka su sake buɗewa. Tun 1747 likitan sojan ruwa James Lind ya gwada lemo a kan ma'aikatan jirgi ya ga yana warkar da su, kuma Franklin ya tafi da ruwan lemon tsami. Matsalar ita ce bitamin C na lalacewa idan ya daɗe a ajiye, zafin da ake dafa abincin gwangwani da shi kuma yana rage shi sosai. Babu wanda ya san haka a lokacin, don sai a 1932 aka tantance bitamin ɗin kansa.

An samu mafita a jirgin Belgica na ƙasar Beljiyam, wanda ƙanƙara ta riƙe a Antaktika a 1898. Da ciwon ya kama ma'aikata, likitan jirgin, Frederick Cook, ya matsa musu su ci sabon naman tsuntsun fengwin da na dabbar teku da ake kira sil. Naman da ba a daɗe da yankawa ba, kuma ba a dafa shi ya yi lugub ba, yana da ɗan bitamin C da zai riƙe mutum. Cikin waɗanda suka ga wannan da idonsu har da wani matashi ɗan Norwe, Roald Amundsen.

Sai da ɗan gari akan ci gari

Tsakanin 1903 da 1906 Amundsen ya ratsa hanyar da ta gagari Franklin, a ɗan ƙaramin jirgi mai suna Gjøa, su bakwai kacal. Ya yi hunturu biyu kusa da Inuit na Netsilik, ya koyi tuƙa karnuka, da gina ɗakin ƙanƙara, da sa tufafinsu na fatar barewar karibu.

Ilimin da ke cikin tufafin nan shi ne ainihin abin da ake faɗa wa matafiya a yau. Ba rigar ce ke ba da ɗumi ba, iskar da ta maƙale a cikinta ce ke hana zafin jiki fita. Ruwa kuwa yana kwashe zafi fiye da iska kusan sau 25. To kun ga gumi ya zama haɗari ke nan: mutum ya yi aiki ya jiƙe, ya tsaya hutawa, sanyi ya shige shi. Inuit na ɗinka rigarsu da yalwa, ta yadda iska za ta zaga ta fitar da gumi. Tufafi hawa uku na yau wannan aikin suke yi: na ciki, na ulu ko zaren roba, yana janye gumi daga fata, na tsakiya yana riƙe iska, na waje yana tare guguwa da ruwa. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, shi ya sa aka hana ta.

Haka ma tabarau. Sabuwar dusar ƙanƙara na iya maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken UV, wanda ke ƙona fatar ƙwayar ido har mutum ya kasa buɗe shi na kwana ɗaya ko biyu. Inuit sun daɗe da magance wannan da tabarau na ƙashi ko itace mai siririyar tsaga.

Ƙaramin abu, babban sakamako

Amundsen ya isa tsakiyar ƙuryar kudancin duniya ranar 14 ga Disamba 1911, su biyar, da karnuka da amalanken ƙanƙara, suka koma lafiya. Robert Falcon Scott na Ingila ya isa ranar 17 ga Janairu 1912, shi ma su biyar, amma da ƙarfinsu suke jan kaya. Dukkansu sun mutu a hanyar dawowa, uku na ƙarshe a cikin tanti, kimanin kilomita 18 daga rumbun abincin da suka ajiye.

Ba dalili ɗaya ne ya kashe su ba, kuma sanyin watan Maris na shekarar ya wuce na kullum. Amma abubuwa biyu sun shafi shiri kai tsaye. Na farko, abincinsu na yini bai wuce kalori 4,500 ba, alhali mai jan kaya a irin wannan sanyi yana ƙona sama da 6,000. Na biyu, kananzir. Sun riƙa tarar da gwangwanayen da suka ajiye a hanya sun ragu, saboda fatar da ke toshe murfin ta lalace da sanyi. Ba kananzir, ba narka ƙanƙara. Ba ruwan sha, ba abinci mai zafi. Amundsen kuwa ya sa an liƙe bakin nasa gwangwanayen da narkakken ƙarfe. Wannan ne ya sa har yau ake cewa a gwada kowane kaya tun a gida, a kuma riƙe na biyunsa.

Da 'yan yawon buɗe ido suka shigo

A 1966 Lars-Eric Lindblad ya kai ayarin 'yan yawon buɗe ido Antaktika, a 1969 kuma aka ƙera masa jirgi na musamman don wannan aiki. Yanzu yawancin jiragen daga Ushuaia a Ajantina suke tashi, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da sanyin gaɓar ke kaiwa da komowa kusa da digiri 0. Sai an yi kusan kwana biyu ana ratsa mashigin Drake mai manyan igiyoyin ruwa, dalilin maganin amai ke nan. Babu asibitin da za a kai fasinja a can, dalilin inshora ke nan, da riƙe isasshen maganin da mutum ya saba sha.

Wancan jirgin na 1969, wanda daga baya ake kira Explorer, ya bugi ƙanƙara ya nutse a watan Nuwamban 2007. Mutum 154 da ke ciki sun shafe sa'o'i a buɗaɗɗun kwalekwalen ceto kafin wani jirgin Norwe ya kwashe su, babu wanda ya mutu. Don haka idan aka ce ka ajiye rigar sanyi da magani inda hannunka zai kai cikin duhu, ba wasa ake yi ba.

Yanzu ƙasar ake karewa daga baƙo

Sashen ƙarshe na jerin sabo ne, kuma ya juya lissafin. Yarjejeniyar Madrid ta 1991 kan kare muhallin Antaktika ta hana shigo da dabbobi da tsirrai na waje, har karnukan da suka kai Amundsen ga nasara aka fitar da irinsu gaba ɗaya a 1994. A 1991 ɗin ne kuma kamfanonin yawon suka kafa ƙungiyar IAATO. Ƙa'ida ita ce kada mutum fiye da 100 su sauka wuri ɗaya a lokaci guda, kuma a bar tazarar aƙalla mita 5 tsakanin mutum da dabba.

Kafin sauka, ana bi aljihu da ɗinkin riga da jaka da na'urar zuƙe ƙura, a wanke takalmi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dalili kuwa, ƙwayar iri ɗaya ta isa. Ciyawar Poa annua, wadda ba 'yar wurin ba ce, ta riga ta kafu a tsibirin King George. Tun da murar tsuntsaye ta H5N1 ta isa tsibirin South Georgia a 2023, ta kuma bayyana a Antaktika a 2024, ana hana baƙi zama ko durƙusawa ko ajiye jaka a ƙasa kusa da tsuntsaye. Masu ziyara sun haura 100,000 a kakar 2023 zuwa 2024, kowannensu kuma da aljihunsa da tafin takalminsa. Saboda haka, ga wanda Allah ya nufa da wannan tafiya, shirin yana farawa ne tun a gida: a wanke kaya tas, a zazzage kowane aljihu, sannan a rufe akwati.